Wasiƙa daga Shikago: Amsar hoton nan da kuka dame ni a kansa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gaishe da kowa, manya da yara. Ku yi mini afuwa, gaisuwar ba za ta yi tsawo ba, yanzu na shigo daga waje, yatsuna ko warwarewa ba su gama yi ba.

Tun ranar da na sa hoton nan a Facebook, wanda nake tsaye kusa da wani dattijo riƙe da allon yabo, wayata ba ta huta ba. Wasu na taya ni murna wai na samu lambar girma. Ƙanwata cewa ta yi, "Yaya, to nawa aka haɗo maka da ita?" Wani abokina kuwa cikin dare ya kira, ya sassauta murya, ya ce in gaya masa tsakani da Allah ko ƙungiyar asiri na shiga. Na gaji da amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta. Zan yi bayanin hoton, in kuma ɗan taɓa yadda ake shiga ƙungiyoyin hidima irin wadda ta ba da allon, da aikinsu a kan shan inna da wasunku suka tambaya.

Lambar dai ba tawa ba ce, ta dattijon ce. Shi ke kula da tukunyar ɗumama ɗakuna a makarantar da 'yata take karatu. Ni takardar gabatar da shi kawai na cika.

Wadda ta ba shi wata ƙaramar ƙungiyar hidima ce ta unguwarmu, kuma babu wani asiri a cikinta. Irinsu suna da yawa a nan. Wadda ta fi daɗewa cikinsu ita ce Rotary, a wannan birni aka haife ta ranar 23 ga Fabrairun 1905, lokacin da wani lauya, Paul Harris, ya zauna da abokansa uku: injiniyan haƙar ma'adinai, da mai sayar da kwal, da tela. Ku lura da telan nan. Tun daga zaman farko, sana'a ce ta haɗa su, kuma suka riƙa zagayawa da taro ofis zuwa ofis, daga nan sunan ya samo asali. Aikin jama'a na farko da suka sa gaba a 1907 shi ne a gina bayan gida na jama'a a cikin gari. Lions ta biyo baya a 1917, ita ma a nan Shikago. Cikin manufofin Rotary a rubuce akwai yarda cewa duk sana'ar da ke amfanar mutane abin girmamawa ce, kuma sun ware watan Janairu don hidima ta fuskar sana'a. Tamu ƙungiyar ta kwaikwayi wannan, shi ya sa ake bikin a tsakiyar sanyin da ke sa gashin hancin mutum ya daskare.

To, takardar. Jama'a, shafi shida! Suna da wurin aiki da shekarun da ya yi, wannan duk mai sauƙi ne. Sai shaidu biyu waɗanda ba danginsa ba. Sai sa hannun shugabar makaranta. Sai wani babban fili da aka ce a rubuta dalilin da ya sa ya cancanta. Na zauna na zuba yabo iya ƙarfina: mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai riƙon amana, ba ya wasa da aiki, kowa na yabonsa. Na aika ina jin daɗin kaina. Bayan kwana uku takarda ta dawo. Wata tsohuwa a kwamitin ta ja layi ƙarƙashin duk abin da na rubuta, ta sa a gefe: me ya yi, yaushe, wa ya gani? Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, mutum zai yi abin alheri ma sai an yi masa jarrabawa?

Dole ta sa na je na nemi dattijon. Aka ce idan ina son ganinsa a bakin aiki in zo kafin asuba. Na fita cikin duhu, na kankare ƙanƙara daga gilashin mota na kusan minti goma, na same shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ashe a lokacin sanyi tun ƙarfe huɗu da rabi yake zuwa. Ya bayyana mini cewa idan tukunyar ta mutu cikin dare, ruwan da ke cikin bututu zai daskare, ƙanƙara kuwa ta fi ruwa cin wuri, sai bututun ya fashe, washegari babu makaranta. Ya ɗora tafin hannunsa a jikin wani bututu, ya yi shiru kamar likita mai auna bugun zuciya, ya ce wannan lafiyarsa lau. Sannan ya jawo wani littafi da baƙin mai ya ɓata bangonsa, inda yake rubuta awon zafi da ƙarfin ruwa kullum safe, da biro, shekara da shekaru. Babu wanda ya sa shi, babu mai dubawa. Shekara uku 'yata tana cire rigar sanyi a aji, ban taɓa tambayar kaina daga ina ɗumin ke zuwa ba.

Na sake cika takardar da abin da idona ya gani. Ta sake dawowa. Wannan karon wai babu sa hannun shi kansa cewa ya yarda a karrama shi, kuma ya yarda a ɗauki hotonsa. Na kusa haƙura. Amma da na kai masa, ya yi kwana biyu yana shawara kafin ya sa hannu, ya kuma gindaya sharaɗi: kada a kira shi otal, kuma a ambaci yaron da yake koya wa aiki. Aka yi yadda ya ce. A zauren makaranta aka yi bikin, cikin lokacin aikinsa, gaban yara. Bayan allon, ƙungiya ta biya wa yaron nasa kuɗin jarrabawar samun lasisin sana'ar.

Daga baya na ji cewa wani reshen Rotary a Ostareliya, na Pennant Hills a birnin Sidni, ya fara irin wannan karramawa tun 1975, inda masu gida ke gabatar da ma'aikatansu. Nasu tsarin yana da kyau, sai dai ni na fi son a tambayi masu cin moriyar aikin da kuma yaran shago, don mai gida yakan zaɓi wanda ya fi yi masa ladabi.

Ba wai nan komai daidai yake ba. Na halarci wani taron inda aka sa ma'aikaci ya bar aikin dare, ya yi asarar ladan ranar, aka zaunar da shi can ƙarshen teburi, shugabanni suka yi awa biyu suna yabon juna, aka miƙa masa allo cikin minti ɗaya. Amma mu ma mun san halinmu. Sau nawa muka ga ƙungiya ta tara kuɗi ta buga allon yabo, ta kai wa wanda bangon falonsa ya riga ya cika? Ga makanike, ga ungozoma, ga mai shara, ga birkila, ga mai walda da ya yaye yara ashirin. Ban ce ku ɗauki shafi shida ba, Allah ya kiyaye. Tambayoyi ukun tsohuwar nan sun isa. Wanda zai gabatar da mutum ya je wurin aikinsa ya zauna yini ɗaya, ya dawo da labari guda da za a iya faɗa a gaban jama'a. A nemi yardar mai sana'ar, a bi shi inda yake, kuma a haɗa allon da abin da zai taɓa aikin: kayan aiki, ko ɗaukar nauyin ɗan koyo, ko a gayyace shi makaranta ya nuna wa ɗalibai yadda ake yi.

Batun shan inna kuwa, a 1985 Rotary ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da cutar, labarin yana da tsawo, ba yau ba. Yadda ake shiga ma sai wasiƙa ta gaba. Galibi dai wani ɗan ƙungiya ne ke gayyatar mutum, kuma akwai kuɗin shekara.

Jiya na leƙa ɗakin tukunyar in ga inda dattijon ya rataye allonsa. Yana cikin kwalinsa a saman kabad, littafin awon yana ajiye a kan kwalin. Tsohuwar kwamiti kuma ta turo mini wata sabuwar takarda, ta matar da ke tuƙa motar 'yan makaranta, ta ce tunda na iya cikawa yanzu, tana jira kafin ƙarshen wata.

Naku,
Ɗan uwanku a Shikago