Fankar banɗakin Inna ta tsaya, ashe ɓera ne

Da bazarar bara muka gina wa Inna banɗaki a cikin ɗaki saboda ciwon gwiwa, fita shadda da daddare ya zame mata wahala. To ba shi da taga sai 'yar kafa, kafin damina ta wuce bango ya yi baƙi ga warin danshi, wallahi hankalina bai kwanta ba, dattijuwa mai tari ta riƙa shaƙar wannan kullum.

Shi ne da na shiga Kano na sayo fanka mai zuƙe iska a Sabon Gari, inci 6, muka fasa bulo can sama kusa da silin inda ruwan wanka ba ya kaiwa. Tamu waya biyu ce kawai, ja laif mai kawo wuta, baƙi nutural da wutar ke komawa ta cikinsa, a sababbin wayoyi kuma ruwan ƙasa da shuɗi za ka gani. Na jawo waya mai lamba 1.5 daga ƙwan banɗakin, ana kunna ƙwai ita ma ta tashi. Fanka mai taima, wato mai kashe kanta bayan ɗan lokaci, ita waya uku take so, akwai ƙarin laif da ba ya bi ta makunni don ta ci gaba da juyawa bayan an kashe ƙwai. Makunnin a waje muka sa shi gefen ƙofa, kuma laif yake yankewa ba nutural ba, wannan dai kar a yi wasa da shi.

Da hunturu ta fara gurnani ba ta juyawa, na kashe wuta na kwance ta, ƙura ce ta daskare a fukafukan ga zanzaro ya gina gida a bakin marfin waje. Na goge, na ɗiga mai a sandar moton, ta tashi.

Bayan sati uku kuma tsit, ko gurnanin babu, alhali ƙwai na kamawa. Na sa testa a jar waya ta kawo, na sa a baƙar ita ma ta kawo, sai na ce shikenan moto ya ƙone har na fara lissafin kuɗin sabuwa. Na kira ƙanina da ke aikin wayarin a Dutse, ya ce Yaya kar ka taɓa baƙar nan da hannu, nutural ɗinka ne ya yanke a hanya. Wai wutar ta shiga ta laif ta ratsa kwayil ɗin moton ta fito ta ɗaya ɓangaren ta rasa hanyar komawa, shi ya sa testa ke kamawa duka biyun, kuma za ta iya jan mutum sosai, volt 230 ce fa, ga ƙasa jiƙe.

Na sauke canji-oba, wato makunnin sauya layin wutar gida, na kashe inbata ta sola ita ma, na sake gwadawa da testa sannan na hau silin da tocila. Can na tarar ɓera ya gwigwiye wayar, baƙar ta rabu gida biyu, jar ma saura kaɗan, ga ta kwance kan katako busasshe, a ƙasan nan Inna ke barci. Jikina ya yi sanyi.

Ban yi joyin da salatif ba, wayar gaba ɗaya na canza na zura ta cikin faif, na ɗaure da kanekta. Da na kunna na kara fallen tishu a fuskar fankar ya manne, tana ja ke nan. Na kuma sa kafinta ya rage ƙasan ƙofar kamar yatsa ɗaya don iska ta samu mashiga. Inna ta ce yanzu tawul ɗinta ma bushewa yake kafin azahar.