Yau fijon Baba ta yi magana

Da la'asar ɗin nan, bayan wata bakwai tana kwance a gareji, Peugeot 504 ɗin Baba ta tashi. Bakaniken ya ɗiga fetur a kabureta da murfin gora, ya ce, "Alhaji, murɗa mu ji." Na murɗa makulli, ta yi tari sau biyu ta mutu. A karo na uku ta kama, salansa ta feso baƙin hayaƙi, sitiyari ya hau rawa a hannuna. Yaran gareji suna ta tafi, ni kuwa na kasa fitowa. Warin fetur da na tsohuwar kujera da ta sha rana ne ya cika min hanci, sai ga ni ɗan yaro a kujerar baya, muna hanyar Zariya, Baba yana ba mu labarin yadda irin wannan motar ta ci tseren Safari na Kenya a 1975. Motar Baba haɗin Kaduna ce, kuma bai taɓa gajiya da faɗin haka ba.

Da sauran aiki, wallahi. Lagireto na yoyo, tsatsa ta cinye ƙasan ƙofar direba, fitilar baya kuwa sai an shiga kasuwar kayan gyara an tona. 'Yan'uwa sun ce in sayar wa 'yan gwangwan in huta, ban iya ba. Allah Ya jiƙan Baba. Na so a ce yana tsaye a bakin garejin nan ya ji ƙarar injin.