Hular Raiders, waƙar 'yan daba da waɗanda suka ci kuɗin

Duk sanda wani ɗan wasan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ya shiga hannun 'yan sanda a Amurka, tun kafin a gama jin abun da ya faru sai kaji masu sharhi sun fara cewa ai waƙoƙin gangsta rap ne suka lalata yaran nan, wai tunda kullum waƙar bindiga da ƙwaya suke ji dole su koma 'yan daba. Maganar nan tana ɓata min rai sosai. Ba wai waƙoƙin basu da laifi bane, suna dashi kuma zan zo kanshi, amma masu faɗin hakan suna tsallake ɓangaren da ya shafi kuɗi, kuma a ganina nan ne asalin zancen yake.

Ƙwallon da nake nufi ita ce ta Amurka, wadda ake saka hular kwano a rungumi ƙwallo a ruga da ita, ƙato ya zo ya maka ka da ƙasa. Alaƙarta da wannan waƙa a Los Angeles ta ƙullu. A 1982 Al Davis ya ɗauke ƙungiyarshi ta Raiders daga Oakland ya kawo ta filin Coliseum, wanda yake daf da unguwannin baƙaƙen fata na kudancin birnin. Dama can Raiders sunyi ƙaurin suna wajen wasan ƙeta, suna ɗaukar 'yan wasan da sauran ƙungiyoyi suka ce basa jin magana, tambarinsu ɗan fashin teku ne mai ido ɗaya a rufe da takubba biyu a bayanshi, kayansu baƙi da ruwan azurfa. A Janairun 1984 suka lallasa Washington da ci 38 da 9 suka ɗauki kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar NFL.

Toh ka duba yanda unguwannin suke a lokacin. Masana'antun taya da na haɗa motoci da iyaye ke aiki a ciki suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, hodar iblis mai arha ta shigo ta cika titi, ƙungiyoyin daba na Crips da Bloods suna kashe juna, 'yan sandan birnin a ƙarƙashin shugabansu Daryl Gates kuma suna shiga unguwa su kwashe samari da yawa lokaci guda, mai laifi da mara laifi. Yaron da ya taso a haka ya ga wata ƙungiya da duk ƙasa ke zagi amma tana cin wasa kuma bata roƙon kowa afuwa, ai dole ya ji cewa tashi ce.

A nan mawaƙan N.W.A suka fito daga Compton, wani gari a kudu da Los Angeles, a 1987, su Eazy-E da Dr. Dre da Ice Cube da MC Ren da DJ Yella, kuma kusan duk hoton da zaka gani nasu akwai baƙar hula ko jaket ta Raiders. Ba gayu kaɗai bane. A garin da shuɗi na Crips ne ja kuma na Bloods, launin rigarka zai iya jawo maka harsashi, baƙi kuwa ba na kowa bane. Da kundinsu ya bazu, har FBI ta rubuta wa kamfaninsu wasiƙar ƙorafi a 1989, sai kayan Raiders suka zama abun yayi a duk faɗin Amurka, har wurin yaran fararen fata da basu taɓa taka Compton ba. Wasu makarantu suka haramta saka kayan wai alamar daba ce. Amma NFL fa? Bata taɓa daina sayarwa ba, kuma kuɗin irin waɗannan kaya dukkan ƙungiyoyin ne suke rabawa a tsakaninsu. Yaro ana korarshi daga aji saboda hula, mai ƙungiya yana ƙirga ribar hular.

Abu na biyu da ake mantawa shi ne mawaƙan da 'yan wasan ba wasu al'umma biyu bane da ɗaya ta koya wa ɗaya iskanci, 'yan unguwa ɗaya ne, wani lokacin ma mutum ɗaya ne. Suge Knight, wanda aka kafa kamfanin waƙa na Death Row Records dashi a 1991, ɗan ƙwallo ne a jami'ar Nevada ta Las Vegas, har ya buga wa Rams wasa biyu a 1987 lokacin da 'yan wasa ke yajin aiki. Yanzu yana gidan yari, an yanke mishi shekara 28 a 2018 bayan ya take mutum da mota ya mutu. Ga kuma Snoop Dogg da ya buɗe gasar ƙwallo ta yara a 2005, kuma cikin yaran da suka bi ta hannunshi akwai JuJu Smith-Schuster da C.J. Stroud da suka kai NFL. Duk su biyun daga duniyar waƙa ɗaya suka fito, don haka wanda zai nuna maka Suge yace ga hujja, sai ka tambayeshi me zai yi da Snoop.

Ban ce babu jini a ciki ba. A daren shiga shekarar 2007 an harbe Darrent Williams na Denver Broncos a cikin mota bayan an tashi daga wani biki, yana ɗan shekara 24, kuma wanda aka samu da laifin ɗan daba ne. Bayan haka NFL ta ɗauki ƙwararru su riƙa duba bidiyon wasanni ko wani yana yin alamar daba da yatsu. Wannan ana iya fahimta. Abun da ban yarda dashi ba shi ne yanda zargin ya koma bulala da ake zaɓar wanda za a zabga wa. A Maris ɗin 2014 Philadelphia Eagles suka sallami DeSean Jackson, bayan ya gama buga kakar da ta fi kowacce kyau a wurinshi, a ranar da wata jarida ta buga labarin wai yana hulɗa da 'yan daba. Ya musanta, kuma babu kotun da ta tuhumeshi da hakan, mutanen da ya tashi dasu ne kawai. Wata guda kafin nan ƙungiyar dai ta ba Riley Cooper sabon kwantiragi na shekara biyar, shi kuwa farar fata ne da aka ɗauka a bidiyo yana yi wa baƙaƙe zagin wariyar launin fata. A farkon shekarar kuma Richard Sherman, ɗan wasa baƙar fata ɗan Compton da ya gama jami'ar Stanford, ya yi ihu a wata hira ta 'yan daƙiƙu bayan wasa, washegari aka wuni a talabijin ana kiranshi ɗan daba.

In ma maganar tashin hankali ake, wasan kanshi fa? A 2017 masu bincike a jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan NFL 111 da suka mutu, suka samu cutar CTE a 110, cutar da yawan buguwar kai ke kawowa. Gaskiya ne iyalan da dama suna zargin akwai matsala ne suka bada ƙwaƙwalen, amma duk da haka adadin ya isa ya tada hankali. Aaron Hernandez, ɗan wasan NFL da aka ɗaure kan kisan kai, ya kashe kanshi a kurkuku yana shekara 27, da aka duba tashi ƙwaƙwalwar an tarar ta lalace ƙwarai. Ba ina wankeshi bane, ya kashe rai. Ina dai mamakin yanda ake saurin tambayar wace waƙa yake ji, ba a tambayar sau nawa aka buga kanshi tun yana yaro. Kuma da aka zo biyan diyyar masu cutar, an yi shekaru ana amfani da wani ma'auni da ke ɗaukar cewa baƙar fata dama can basirarshi ƙasa take, wanda hakan ya sa samun diyyar ya fi musu wuya, sai 2021 NFL ta yarda ta daina.

Inda nake ganin laifin ɓangarorin biyu ya zama ɗaya shi ne kan mata. Waƙoƙin sun wulaƙanta mace iya wulaƙanci, kuma bai tsaya a baki ba, Dr. Dre ya daki wata 'yar jarida a 1991, sai 2015 ya fito ya nemi afuwar matan da ya cutar. Ita ma NFL da ɗan wasa Ray Rice ya naushi budurwarshi a cikin lif a 2014, wasa biyu kacal ta fara dakatar dashi, sai da bidiyon ya fita duniya ta gani sannan aka ƙara. Wallahi wannan ya fi damuna akan ko wane ne ya yi alamar daba da yatsu bayan ya ci ƙwallo.

Sai kuma ga 13 ga Fabrairun 2022, Super Bowl a Inglewood, 'yar tafiya kaɗan daga Compton. Dr. Dre da Snoop Dogg da Kendrick Lamar da 50 Cent da Eminem da Mary J. Blige su ne suka yi wasan hutun rabin lokaci, Snoop sanye da shuɗi, a dandalin da tallan daƙiƙa 30 ya kai kusan dala miliyan 7. Naji daɗi don mutanen nan sun cancanta, waƙar da aka so a haramta ta hau dandali mafi girma a ƙasar. Amma ba zan manta yanda aka zo nan ba. Ɗan wasan NFL Colin Kaepernick ya durƙusa lokacin taken ƙasa a 2016 don nuna adawa da kisan da 'yan sanda ke wa baƙaƙen fata, abun da N.W.A suka yi ta ihu a kai kusan shekara 30 kafin nan, kuma tun ƙarshen wannan kakar babu ƙungiyar da ta sake ɗaukarshi. Mawaƙa da dama suka ƙaurace wa NFL saboda shi, sai a 2019 ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Jay-Z don ya riƙa tsara mata wasan. Eminem ya durƙusa a dandalin ranar, an tafa, an koma talla. Fiye da rabin 'yan wasan NFL baƙaƙen fata ne, kuma cikin ƙungiyoyi 32 babu ko ɗaya da baƙar fata ke riƙe da mafi rinjayen hannun jarinta.