Renon yara a gida a Niyok: allon ƙofar fita da sauran sharuɗɗan gobara

Duk 'yar uwar da ta kira ni tana son fara renon yara a gidanta, da an gama gaisuwa da zancen abin da ake samu, sai ta gangaro kan allon nan mai haske da aka rubuta wa EXIT. "Yaya, dole ne sai na sa shi? A ina ake sayarwa?" Ba na ganin laifinta. Shi ido ya saba gani a asibiti da makaranta da kanti, har mutum ya ɗauka shi ne dokar gobara ɗungurungum. Ni da na bi layin tun daga cike takarda har aka ba ni izini a unguwar Buronks ta birnin Niyok, ban gamu da abin da ya fi allon nan sauƙi ba.

A Amurka kowace jiha da dokarta, wani lokaci ma gari ya ɗora tasa a kai. Sai dai galibinsu daga manyan kundayen ƙa'ida suke ɗiba, kuma wanda aka fi ambata a harkar reno shi ne NFPA 101, kundin ƙa'idojin kare rayuka daga gobara a gine-gine. Kundin ya kasa wuraren reno bisa yawan yara: 4 zuwa 6 ƙaramin gida ne, 7 zuwa 12 babban gida, abin da ya haura 12 kuma ya zama cibiya. Allon fita mai haske da fitilun ko-ta-kwana a wuyan cibiya aka rataya su, ba a wuyan gidaje ba. Dalilin a fili yake. An yi allon ne domin baƙon da ya shiga babban gini mai lunguna da yawa bai san ta ina zai ɓulle ba. Matar da take cikin falonta ba ta buƙatar a nuna mata ƙofa, ɗan shekara biyu kuwa bai iya karatu ba balle ya bi kibiya.

A jiharmu ta Niyok hukumar kula da yara da iyali, wato OCFS, ce take kula da wannan sana'a. Ƙaramin gida yana ɗaukar yara 6, da ƙarin 2 'yan makaranta. Babban gida yana ɗaukar 12 da ƙarin 4, amma sai da mataimakiya. Da ƙaramin na fara, daga baya na faɗaɗa. Jami'ar da ta zo duba gidan ba ta nemi allo mai haske ba. Taswirar gidan ta nema, manne a bango inda kowa zai gani, da hanyar fita ta farko da ta biyu a zane. Amma kada wata ta ji haka ta ce ai an gama. Akwai garuruwan da jami'in kwana-kwana zai ce sai an sa, musamman idan yaran sun yi yawa, kuma maganarsa ce take ci a yankinsa. A tambaye shi tun kafin a kashe ko sisi, a kuma roƙi amsar a rubuce.

Idan aka ce a sa, to ba kwali da alƙalami ake nufi ba. Tsayin haruffan kada ya gaza inci 6, kaurin zanensu kashi uku cikin huɗu na inci. Allon ya kasance da haske muddin akwai mutane a ginin, in an ɗauke wuta kuma batirinsa ya riƙe shi minti 90. Ana danna maɓallin gwajinsa na daƙiƙa 30 duk wata, sau ɗaya a shekara a bar shi a kan batir tsawon minti 90 ɗin a gani. Ni dai da na ɗauki mataimakiya sai na manna irin wanda yake sheƙi cikin duhu a ƙofar baya, ba don an tilasta ni ba, sai don ita da iyayen da suke shigowa. Ƙasa-ƙasa na manna shi, domin hayaƙi sama yake fara cikawa, allon da yake saman ƙofa shi zai fara ɓacewa.

Inda jami'ar ta daɗe a tsaye shi ne bakin ƙofa. Ana so a samu mafita biyu masu nisa da juna, ta yadda wuta ɗaya ba za ta tare su duka ba. Muna hawan ƙasa na gida mai hawa biyu, muna da ƙofar gaba da ta kicin mai fita bayan gida, don haka a takarda mun cika. A zahiri kuwa gidan Bahaushe ne. Takalma tuli a bakin ƙofa, saboda ba ma shiga da su inda ake salla. Ga manyan durom na roba da muke tara kaya a ciki kafin a aika gida ta jirgin ruwa, sun cinye rabin hanyar kicin. Ga kekunan jarirai da iyaye za su riƙa ajiyewa da safe. Ta ce in yi tunanin ina bin hanyar nan a durƙushe, ba na ganin tafin hannuna, da yara riƙe da zanina. Aka yi wa takalma kanta a gefe, durom suka koma ɗakin ajiya, kekuna kuma aka ba su wuri a waje.

Sai makulli. Ƙofar bayanmu irin wadda ake buɗewa da ɗan makulli ta ciki da ta waje ce, ƙyauren da yake fitarwa daga bayan gida zuwa titi kuma kwaɗo ne a jikinsa. Duk biyun sai da aka canza. Ƙofar tsira hannu kawai za a sa a murɗa ta buɗe, ba a tsaya lalubar makulli ba, kuma fita zuwa filin da aka kewaye aka garƙame ba fita ba ce. Maigida bai so ba. "Hajiya, ɓarayi fa? Kin san unguwar nan." Na ce, "Alhaji, ɓarawo talabijin zai ɗauka. 'Ya'yan mutane ne a hannuna." Muka sa irin wanda yake kulle ta waje amma ta ciki murɗawa ɗaya ce. Haka ƙofar banɗaki, dole a iya buɗe ta daga waje idan yaro ya kulle kansa, ɗakin rataye tufafi kuma a iya turo shi daga ciki.

Taga ma tana iya zama mafita ta biyu a wasu wuraren, amma da awo: faɗin inda yake buɗewa aƙalla inci 20, tsayi inci 24, girman buɗin gaba ɗaya murabba'in ƙafa 5.7, kuma kada dokinta ya ɗara inci 44 daga ƙasa. A birnin Niyok akwai wani abu da yake rikita baƙi. Doka ta ce a sa ƙarfen kariya a tagogin benen da yaro ɗan shekara 10 zuwa ƙasa yake zaune, kada ya faɗo, amma ban da tagar da take fita kan matakalar ƙarfe ta tsira. Mu da muka taso muna ganin an yi wa kowace taga walda don tsoron ɓarayi, sai an zaunar da mu an yi mana bayani.

Ba buɗe ƙofa ne kaɗai darasin ba, har da rufe ta. Ranar 9 ga Janairun 2022 hita, wato na'urar ɗumama ɗaki, ta tayar da gobara a benen Twin Parks a nan Buronks, mutum 17 suka rasu, 8 daga cikinsu yara, yawancinsu 'yan uwanmu 'yan Gambiya. Wutar ba ta yi nisa da ɗakin da ta tashi ba. Ƙofofin da ya kamata su rufe kansu ne suka tsaya a buɗe, hayaƙi ya bi matakala ya cika benen. Tun daga lokacin na sa a tsarinmu cewa wadda ta fita a ƙarshe ita za ta ja ƙofa.

Ƙararrawar hayaƙi ita ce muka fi faɗa da ita, mu matan Hausa, saboda turaren wuta da suya. Na sha shiga gidajen ƙawaye in tarar an ɗaure mata leda ko an zare batirin, wai tana damun mutane. A gidan reno wannan ba zai yiwu ba. Ana buƙatar ta a kowane hawa da inda yara suke barci, ga kuma mai jin iskar nan mai guba marar wari da tukunyar ɗumama gida ko garwashi suke fitarwa. Ina gwada su duk wata, kuma na koyi duba bayansu, domin akwai ranar ƙira a rubuce, in ta shekara 10 an daina dogaro da ita ko da tana ƙara. A watan Agustan 2019 yara 5 suka rasu cikin dare a wani gidan reno a garin Eri na jihar Fensilbaniya. Ƙararrawa ɗaya tak aka samu a gidan, ita ma can ƙarƙashin rufi. Kaskon turarena yanzu sai ranar da babu yara, da taga a buɗe.

Ko tana aiki ma, ba na dogara da ita ta tayar mini da yara. Wani bincike da aka yi a asibitin yara na birnin Kolombos a jihar Ohayo, aka wallafa a 2018, ya gwada yara 176 'yan shekara 5 zuwa 12 suna barci. Ƙarar da aka saba da ita ta tashi kusan rabinsu ne kawai, muryar uwa da aka naɗa kuwa ta tashi wajen 9 cikin 10. Nawa ba su kai waɗannan shekarun ba. Ƙararrawar ni take kira, ni zan tashe su.

Girki kuwa na mai da shi kafin yara su iso, da rana sai ɗumame. A 2011 a birnin Hustan wata mai reno ta bar mai a kan wuta ta tafi kanti, yara 4 cikin 7 suka mutu. Ta gudu Najeriya, aka dawo da ita, kotu ta ɗaure ta shekara 80. Akwai tukunyar kashe gobara a kicin da wata kusa da ɗakin tukunyar ɗumama gida, allurarsu a kan kore, na kuma iya amfani da su. Amma ra'ayina shi ne mace mai yara shida a hannu ba ta da hurumin tsayawa kokawa da wuta. Masu gwajin gobara na UL, cibiyar da take gwada amincin kayayyaki, sun nuna cewa da irin kujeru da katifun roba na yanzu, lokacin tsira ya dawo kamar minti 3, alhali shekaru 40 baya yakan kai 17. Hitar da ake jonawa a bango ba ta da wuri a inda yara suke. Batirin keken lantarki ma haka, duk da cewa samarinmu da yawa da shi suke neman abinci wajen kai saƙo. A Janairun 2023 irin batirin nan ya kama a wani gida a unguwar Kwins ta nan birnin Niyok da ake reno a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, yara 18 suka jikkata.

Atisayen fita shi ne aikin da ba ya ƙarewa. Duk wata ake yi, a rubuta rana da lokaci da yawan yaran, kuma a riƙa sauya ƙofa don kada su saba da guda. A nan na gane dalilin da ya sa doka ta ce babba ɗaya ga kowane yara biyu da ba su kai shekara 2 ba: hannu biyu Allah ya ba mu. Goyo ya ba ni rata a kan maƙwabtana masu wannan sana'a. Zani yana rataye kusa da gadajen jarirai, ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa, hannu guda ya rage na buɗe ƙofa. Masu tafiya suna riƙe igiya mai ƙulli-ƙulli, kowa da nasa ƙullin. Ba a tsayawa neman takalmi ko rigar sanyi, ko da ƙanƙara ake yi. Akwai jaka a bakin kowace ƙofa da barguna da lambobin iyaye, rajistar ranar kuma tana hannun mataimakiya. A gindin bishiyar da muka zaɓa can gaba da gidan ake kiran suna ɗaya bayan ɗaya, ba ƙirga kawuna ba, domin yaron da ya tsorata ɓuya yake yi a bayan kujera ko cikin kabad. Na kai su ofishin 'yan kwana-kwana na unguwa suka ga mutum ya sa hular nan mai fuska da tukunyar iska a gabansu, don kada ranar da ya shigo nemansu su guje shi. Atisayen lokacin barcin rana ya fi kowanne wuya, kuka har ya ishe ka, shi ya sa na fi yawan yin sa.

Ƙanwata tana da ajin ƙananan yara a gida Nijar, kuma ba sai na ba ta labarin Amurka ba. A Afrilun 2021 yara 20 suka ƙone a azuzuwan zana na wata makaranta a Yamai, wutar ta taso ta wajen ƙofar shiga, babu wata mafitar, manyan suka haura katanga, ƙananan suka kasa. A Nuwamban shekarar aka sake yi a Maraɗi, aƙalla yara 25. Ba ta da ƙararrawa, ba ta da jami'in da zai zo dubawa. Na tura mata kuɗin magini aka fasa katangar baya aka sa ƙyaure mai sakata ta ciki, aka kuma cire ƙarfen taga ɗaya aka mai da shi mai buɗewa.

Abin da ya rage mini yanzu shi ne karatun Asabar da Lahadi. Yaranmu da yawa suna zuwa Islamiyya a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai matakala ɗaya, takalma jibge a kanta, kuma babu lasisin reno da ya shafe shi. Na sami malamin bayan an tashi, na ce, "Allah gafarta malam, in wuta ta kama a saman matakalar nan, ta ina yaran za su bi?" Ya yi shiru, sannan ya ce zai kai maganar gaban kwamiti. Na kai musu ƙararrawa biyu da kantar takalma. Maganar ƙofa ta biyu tana hannun mai ginin, kuma Juma'a mai zuwa zan sake tuna wa kwamitin.