Murya ta dawo: godiyata ga waɗanda suka riƙe mini shiri

Alhamdulillahi. Jiya likita ya sake zura 'yar kyamararsa ta hancina ya leƙa maƙogwaro, ya ce ciwon ya warke sarai.

Ga wanda labarin bai iske ba, wani ɗan ƙari ne ya fito mini a tantanin murya, ladan shekarun da na kwashe ina tsala ihu gaban kyamara a shirinmu na barkwanci na talabijin, ina maƙe wuya ina kwaikwayon muryar tsohuwa. Aka yi mini aiki, aka hana ni magana mako guda cur. Ko raɗa ba a yarda ba, domin ita ma wahalar da tantanin take yi. Bayan nan ma sai 'yan kalmomi a ƙidaye. Likitocin da ma'aikatan jinya, Allah ya saka muku da alheri.

Godiya mafi tsoka ta abokan rubutuna ce. Mai kallo yana ɗauka tsayawa kawai muke yi mu yi ta zuba. Ina! Shirin rabin awa, in an cire talla, bai fi minti 22 ba, kuma kowane minti sai an rubuta shi, an karanta a kan tebur, an soke, an sake. Abin da bai ba mu dariya a ɗakin nan ba, ba ya fita. To sai ga ni zaune da ɗan allo da alƙalami. Kafin in gama rubuta raha guda, hira ta yi gaba ta bar ni, raha kuwa in ta huce ta mutu. Da suka lura, sai suka riƙa yin tsit suna jirana. Ƙaramin cikinmu ne ke karanta abin da na rubuta da irin muryata, kuma wallahi cin mutunci ne zalla. Na yafe maka, ƙanena, amma ina sane.

Darakta ne ya hana a dakatar da shirin. Ya tuna mana cewa Rowan Atkinson ya yi Mr. Bean daga 1990 zuwa 1995, kashi 15 kacal, kusan babu magana a ciki, har yau kuma ana kallo ana ƙyaƙyatawa. Nan muka zauna muka rubuta mini mutumin da aka ɗaure wa muƙamuƙi da bandeji. A da ina taƙamar na san lokacin sakin dariya, ashe baki ne yake rufa mini asiri. Masu kyamara suka ja baya don a ga jikina gaba ɗaya, tunda yanzu ƙafa da kafaɗa ne ke magana. Mai tace hoto ya nuna mini wuri guda da na ɗaga gira: da ya bar hoton ya ƙara daƙiƙa biyu, dariya ta zo, da ya yanke da wuri kuwa, babu dariya. Mai ɗaukar sauti da muka ce ya samu hutu, shi ya fi kowa wahala, yana farautar ƙarar kujera da shaƙuwa.

Maiɗakina ta ce tun da muka yi aure ba ta taɓa samun mako mai kwanciyar hankali irin wannan ba. Ita ce dai ta riƙa amsa mini waya dare da rana. Na gode, uwar 'ya'yana.

Masu kallo, saƙonninku da addu'o'inku sun iso, Allah ya bar zumunci. Masu yaɗa cewa faɗa na yi da gidan talabijin, ga amsarku.

Ranar Litinin in sha Allahu zan koma tebur da bakina. Sharaɗin likita: yawan shan ruwa, ban da ihu. Tsohuwa kuwa ta yi ritaya, mai bandeji ya gaje kujerarta.