Injin Casar Shinkafa da Mutanen da Ke Riƙe da Shi

Mai ƙaramin injin casa a Kura ko Bunkure ya san cewa ribarsa tana farawa ne tun daga gona, wajen wanda zai kawo masa shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba. Buhu mai kilo 100, idan shinkafar ta nuna sosai kuma an busar da ita yadda ya kamata, yakan ba da kilo 60 zuwa 65 na gyararriya. Sauran ɓuntu ne da dusa. Idan aka sayi kayan da ba a san asalinsu ba, sai a ga buhun ya kasa kai haka, alhali man dizal da ladan ma'aikata ba su ragu ba.

Abu na farko da ke jawo haka shi ne danshi. Muna son shanshera ta sauko zuwa kashi 14 cikin ɗari kafin ta shiga inji. Jiƙaƙƙiya takan toshe rariya, ta yi fumfuna a sito, ga shi kuma ka biya kuɗin ruwa a kan sikeli. Wadda aka bari rana ta gasa ta kuwa ƙwayarta ta riga ta tsage a cikin ɓawo, tana shiga tsakanin robobin injin da ke ɓare ɓawo sai ta karye. Na biyu gauraye. Idan dillali ya haɗa dogon iri kamar Faro 44 da gajeren iri a buhu ɗaya, babu saitin da zai dace da su duka: a matse robobi doguwar ta karye, a sassauta gajerar ta fito da ɓawonta, sai an sake mayar da ita. Aiki biyu ke nan a kan kaya ɗaya.

Shi ya sa hulɗa kai tsaye da manoman rani na Kadawa ta fi sayen kasuwa. A ba manomi iri guda da taki bashi, a kai masa tamfol don kada ya yi sussuka a ƙasa, a biya shi ranar da aka auna kaya. Tsakuwa ta ragu, robobi su daɗe. Manomin da aka ja wa rai da kuɗinsa, baɗi wani zai kai wa.

Sai dai dogaro da yanki ɗaya haɗari ne. Ambaliya ko ƙarancin ruwa daga dam ɗin Tiga, wanda ke ba Kadawa ruwa, na iya tsayar da inji makonni, don haka a riƙe hannu na biyu a kwarin Haɗeja ko Kebbi, ko da mota ɗaya ce a wata.

Haka ma a riƙe mai sayar da robobi da bel da bakaniken da zai amsa kira da dare. A ajiye robobi biyu na ko-ta-kwana kullum. Ɗan sari a kasuwar Singa da ke biya cikin mako guda ya fi wanda ya ƙara farashi amma ya riƙe kuɗi wata biyu, domin da kuɗin nan ne ake sayen shanshera lokacin kaka, tun tana araha.