Kafin Ka Zauna da Mutum na Farko: Binciken Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Kano

Ɗalibin mastas da ya zaɓi yin furojek kan lafiyar ƙwaƙwalwa yakan ɗauka cewa wahalar tana ranar difens, ko kuwa a gaban SPSS, manhajar lissafin bayanai. Ba nan take ba. Aikin yana gyaruwa ko ya lalace tun kafin a yi wa mutum ɗaya tambaya ɗaya. Ko kai ɗalibin Jami'ar Bayero ne, ko likita mai neman ƙwarewa da ke rubuta kundin mataki na biyu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko ma'aikaciyar jinya mai ƙaro karatu, ramukan iri ɗaya ne.

A fara da girman loma. Take irin "Ciwon damuwa a tsakanin matan Kano" buri ne kawai, ba take ba. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, cikin birni da kewaye kaɗai takwas ne: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Ungogo da Kumbotso. Wane ɗalibi ne zai karaɗe su da kuɗin aljihunsa cikin zango biyu? Taken da zai kammalu yana faɗin su wa, a ina, da wane ma'auni. Misali: alamomin ciwon damuwa a tsakanin mata masu jego da ke kawo jarirai rigakafin mako shida a asibitoci uku na ƙaramar hukumar Gwale. Ko nauyin da ke kan masu jinyar 'yan uwansu a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Manufofi uku sun isa, huɗu ka fara ƙure kanka. Kowace manufa bashi ce, sai ka biya ta da tebur a babi na huɗu, ka sake biyan ta da tattaunawa a babi na biyar.

Daga nan sai lissafin mutum nawa. Yawancin ɗalibai suna ɗauko tsarin nan da aka sani: a ninka 1.96 da kansa, a ninka da p, wato kason jama'ar da ake zaton suna da matsalar, a ninka da ragowar p daga ɗaya, a raba da 0.05 ninki kansa. Idan ba ka da wani bincike da ya gabata sai ka sa p a kashi 50, lissafi ya ba ka 384. Ka yi tanadin kashi 10 na waɗanda za su ƙi ko su bar takarda a rabi, wato ka raba da 0.9, ka tashi da 427. Idan jama'ar da za ka ɗiba daga cikinsu ba su kai 10,000 ba, akwai gyaran da ake yi. In su 1,000 ne, 384 ɗin ya sauko zuwa 278.

Abin da ba a cika yi ba shi ne mayar da wannan adadi zuwa kwanaki. A ce kowace hira minti 25 ce, asibitin kuma kwana biyu yake zama a mako, kana samun mutum takwas a rana. Mutum 16 ke nan a mako, 427 kuwa sai mako 27, fiye da wata shida, ba a sa hutun salla ko yajin aiki ba. Wanda ya ga yajin aikin malaman jami'a na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya san wannan ba zancen wasa ba ne. Wasu sukan gudu zuwa ƙaramin p don adadi ya ragu. Binciken shan miyagun ƙwayoyi na ƙasa na 2018, wanda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya tallafa, ya sa ƙasa baki ɗaya a kashi 14.4, Kano a kashi 16. Ka ɗauki 16 ɗin, lissafi ya ba ka 207, da tanadi 230. Daɗi a ido. Amma kashi 16 na 230 kusan mutum 37 ne, ƙa'idar da aka saba bi kuma wajen lissafin gano abubuwan da ke da alaƙa da cuta ita ce mutum goma masu matsalar ga kowane abu ɗaya da za ka gwada. Abu uku ko huɗu ke nan kacal. Ɗalibin da ya jera shekaru, jinsi, aure, kishiya, sana'a, ilimi, yawan 'ya'ya da kuɗin shiga zai ga tebur ɗinsa ya fito da alƙaluma masu faɗin da ba su da ma'ana. Ban da haka, p na dukan jama'ar jiha bai dace da marasa lafiyar da ke asibiti ba. Mai duba aiki daga waje zai tambaye ka wannan.

Inda aka fi zubewa shi ne takardar tambayoyi.

Ma'aunan da ake yawan ɗauka sanannu ne. PHQ-9 na ciwon damuwa tambaya tara ce kan mako biyun da suka wuce, kowace daga 0 zuwa 3, jimilla 27, ana yawan yanka a 10, wato wanda ya kai maki 10 a ɗauka yana da alamomin ciwon. GAD-7 na fargaba tambaya bakwai, jimilla 21. EPDS na ciwon damuwar masu jego tambaya goma kan kwana bakwai, jimilla 30. SRQ-20 na Hukumar Lafiya ta Duniya e ko a'a ne, shi ya sa ya fi sauƙi ga wanda bai yi boko ba. PHQ-9 da GAD-7 kyauta ne, ba sai da izini ba. Wasu ma'aunan kuwa, irin su GHQ-12 da MINI, suna da masu haƙƙin mallaka, sai an nemi lasisi, kuma gara ka gano haka a watan farko da a ranar da mujalla ta tambaye ka takardar izini.

Dukkansu da Turanci aka rubuta su, mutanenka kuwa da Hausa za su amsa. Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne a bar takardar a Turanci, a ce mataimakan bincike "za su riƙa fassarawa". Mataimaka huɗu, ma'auni huɗu ke nan. Wannan ta ce "damuwa", waccan ta ce "baƙin ciki", na uku ya ce "ɓacin rai". Ga Bahaushe ba ɗaya ba ne: damuwa tana iya zama ta kuɗin makaranta ko ta cefane, baƙin ciki yana zuwa da rasuwa ko cin amana, ɓacin rai kuma na iya wucewa kafin la'asar. Idan wani ya kuskura ya ce "taɓin hankali", hira ta ƙare, don babu mai son a haɗa shi da hauka. Tambaya ta shida a EPDS karin magana ce ta Turanci da ke nufin al'amura sun yi wa mutum yawa. In aka bi ta kalma da kalma sai ta koma abubuwa suna hawa kan mace, mai amsa kuma ta fara tunanin dannau ko iskoki. Haka nan tambayar yanke ƙauna. Musulmi ya san yanke ƙauna daga rahamar Allah ba halin mumini ba ne, saboda haka mai fama da ciwon sosai zai iya ce maka "Alhamdu lillahi, ko kaɗan". Sai an sami lafazin da ke tambayar yadda yake ji a ransa, ba wanda ke tuhumar imaninsa ba.

Ka fara da neman fassarar Hausa da aka riga aka gwada aka wallafa, ka rubuta wa masu ita. In ka samu, ka duba wace Hausa ce, don ta Sakkwato ko ta Yamai ba lallai ta zauna daidai a Kurna ko Ɗorayi ba. In babu, ga hanyar: mutum biyu su fassara zuwa Hausa kowa daban, ɗaya ma'aikacin lafiya, ɗaya masanin harshe wanda ba ruwansa da asibiti. A haɗa biyun a fitar da guda. Wani na uku da bai taɓa ganin asalin ba ya mayar da ita Turanci. A zauna da sufabaiza a gwada da asalin, layi bayan layi. Sannan matakin da aka fi tsallakewa: ka karanta wa mutum goma irin waɗanda za ka bincika, bayan kowace tambaya ka ce, "Baba, me kika fahimta da wannan? Faɗa min da bakinki." A nan za ka ji yadda mutane ke faɗin ciwonsu da gaske: tunani ya yi min yawa, gabana yana faɗuwa, kaina yana ɗaukar zafi, jikina ya mutu, abinci ba ya min daɗi. Kar ka canza ma'anar tambaya, amma ka bar waɗannan kalmomi su yi maka jagora.

Zaɓin amsa ma yana da nasa rikici. "Fiye da rabin kwanakin" ba yadda ake lissafin lokaci a gida ba ne. Ka kafa wa mai amsa iyaka da abin da ya sani, kamar daga Juma'a biyu da suka wuce zuwa yau, ka tambaye shi kwana nawa cikin 14, kai ka mayar da shi maki bisa ƙa'ida ɗaya da ka rubuta wa dukan mataimaka. Kuma in za ka iya, kauce wa azumi. Ma'aunin da ke tambayar barci, cin abinci da kasala zai ba ka maki masu yawa a watan da kowa ke tashi sahur yana tsayuwar dare.

Yanzu tambaya ta tara a PHQ-9, ko ta goma a EPDS: tunanin mutuwa ko cutar da kai. Cikin mutum 400, wani zai ce e. Me za ka yi a wannan minti? Furofozal ɗin da bai amsa wannan ba bai cancanci wucewa ba, ko da babi na biyu ya kai shafi 40. A rubuce ake son sa: duk wanda ya ba da amsar da ta wuce sifili, mataimaki ya dakatar da hira, kada ya bar shi shi kaɗai, ya kira likita ko ma'aikacin jinyar da aka riga aka yi yarjejeniya da shi da sunansa da lambarsa, a raka shi a ranar, ba a ba shi takarda a ce ya je Dawanau in ya sami hali ba. A kasafin kuɗinka ka ware na mota da na kati. Ka kuma tuna cewa duk da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, sashe na 231 na Penal Code, kundin hukunta laifuka na Arewa, ya mayar da yunƙurin kashe kai laifi. Saboda haka sunan mutum ba ya hawa takardar amsa. Lamba ake ba shi, littafin da ya haɗa lamba da suna yana kulle a wani wuri daban, kuma ba a tura hoton takarda ta WhatsApp. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman.

Izinin kwamitin ɗa'ar bincike yana bin wurin da za ka yi aikin ne. Asibitin koyarwa yana da nasa kwamiti. Asibitocin jiha ta Ma'aikatar Lafiya ake bi, sannan ka kai takarda ga hukumar da ke kula da asibitin, sannan ga shugaban wurin. Ka ba wannan zagaye wata biyu zuwa uku a jadawalinka, kuma kada ka taɓa mutum ko ɗaya kafin takardar ta fito, har da gwajin farko. In a unguwa za ka yi, hakimi da mai unguwa su san da zuwanka.

Takardar amincewa ta zama da Hausa mai sauƙi, a karanta wa wanda ba ya karatun boko, ya dangwala yatsa a gaban shaida wanda ba ɗan tawagarka ba. Mace za ta iya cewa sai ta tambayi maigida. Wannan haƙƙinta ne, ka ba ta takardar ta tafi da ita. Amma izinin miji ba ya maye gurbin nata, kuma ba a yi mata tambayar zaman aure ko duka alhali uwar miji tana zaune a gefen tabarma. Mace ta yi wa mace hira, a ɗaki ko a kusurwar da ba a jiyo murya. Mara lafiyar da ciwonsa ya tashi, ba ya gane abin da ake nema a gare shi, a jira ya lafa. In kai ne likitansa, wani ya nemi amincewar, don da wuya mutum ya ce a'a ga mai rubuta masa magani.

Sufabaiza kuwa, yawanci yana da asibiti, aji, taro, da wasu ɗalibai. Ɗan uwa, kar ka kai masa babi uku a dunƙule ka koma gida kana jira. Kai masa shafi goma, da tambaya takamaimiya a sama: "Ranka ya daɗe, makin EPDS a 10 zan yanka ko a 13?" Bayan kowane zama ka tura masa gajeren saƙo na abin da kuka tsayar, da kwanan wata. Wannan saƙo shi zai cece ka ranar da malami na biyu ya ce a sauya ma'auni bayan ka tattara rabin bayanai. Ka kuma nuna masa teburan babi na huɗu babu alƙaluma a ciki tun kafin ka fita fili. Tebur ɗin da ba ka san da wace tambaya za ka cike shi ba yana gaya maka akwai abin da ka manta a takarda.

Wajen tattarawa, KoboToolbox, manhajar cike takardar tambayoyi a waya, yana aiki ba tare da intanet ba, kuma za ka iya hana shi tsallake tambaya. In takarda ce, ka duba kowace a ranar kafin mataimaki ya tafi gida. A EPDS akwai tambayoyin da makinsu ke tafiya a juye, daga 3 zuwa 0. Wanda ya shigar da su duka ta fuska ɗaya zai sami sakamakon da ya birkice, ya yi ta neman dalili a al'ada alhali a kwamfuta yake.

A rubutun ƙarshe, kalma biyu ake kama ɗalibai da su. PHQ-9 da EPDS na tantancewa ne, ba sa tabbatar da cuta. Abin da ka samu shi ne "kashi kaza suna da alamomin ciwon damuwa", ba "suna da ciwon" ba, sai in likita ya zauna da su ya tabbatar. Kuma binciken da aka yi a lokaci guda ba ya nuna sanadi. In ka ga matan da ke da kishiya sun fi yawan maki, "akwai alaƙa" za ka rubuta. Mai duba aiki daga waje zai tambaye ka ko kishiyar ce ta kawo damuwar, ko kuwa doguwar rashin lafiyar ce ta sa maigida ya ƙaro aure, kuma teburanka ba za su iya raba wannan gardama ba.